Sunanka ne a bayan ambulan ɗin?

A watan Disamba na 2014, kamfanin gwanjo na Julien's da ke Amurka ya sayar da wata wasiƙa mai shekara 60 a kan dala 78,125. Joe DiMaggio ne ya rubuta ta, gwanin wasan besbol da Amurkawa ke ji da shi, ya aika wa tauraruwar fim Marilyn Monroe, matar da suka yi zaman wata tara kacal. Ya rubuta ne a watan Oktoba na 1954, bayan ya gan ta a talabijin tana kuka gaban 'yan jarida ranar da aka sanar cewa aure ya mutu. A bayan ambulan ɗin bai sa sunan da duniya ta san ta da shi ba. Matar Joe DiMaggio ya rubuta, kamar mai cewa shi a wurinsa igiya ba ta tsinke ba tukuna.

Kuɗin bai ba ni mamaki ba, mutumin ne ya tsaya mini a rai. Da Monroe ta rasu a watan Agusta na 1962 tana da shekara 36, shi ya tsaya kan jana'izarta, ya hana manyan Holiwud zuwa. Shekara 20 yana aika furanni kabarinta. Bai sake aure ba, bai rubuta littafi a kanta ba, 'yan jarida kuma sun gaji da neman ya yi magana. Haka ya zauna har ya rasu a 1999. Shekara 37 ke nan ya nuna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekara 15 bayan ya bi ta, kalmomin da ya rubuta cikin mafi munin makon rayuwarsa suna cikin kundin tallar gwanjo, jaridu na kwafa. A wannan zama dai aka sayar da wasiƙar soyayya ta Arthur Miller, mijinta na uku, dala 43,750. Wato har kishin ma kasuwa ta raba musu gardama, ta faɗi na wanda ya fi tsada.

Duk lokacin da na ga irin wannan labari sai Gwaggona ta faɗo mini. Da Baffa ya rasu, bayan sadakar bakwai aka ce ni ɗan boko in zauna in rubuta abin da ya bari kafin malam ya zo rabon gado. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana da wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ƙarƙashin gado. A ciki na tarar da takardun fansho, da hotunan 'yan fim ɗin Indiya da ya yanko daga mujallu tun yana saurayi, da wani ƙullin wasiƙu da aka ɗaure da ƙyallen atamfa. Na kwance, na zaro ta sama. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Rubutun mace ne, sunan da ke ƙasa kuma ba na matarsa ba ne. Ban kai layi na uku ba sai Gwaggo, da ke zaune kan tabarma da carbi a hannu, ta ce, "Kai ɗan nan, sunanka ne a bayan ambulan ɗin?"

Na ce, "A'a, Gwaggo. Na Baffa ne."

Ta ce, "To mai shi ya tafi. Miƙo nan."

Ta cusa ƙullin cikin haɓar zaninta ta ci gaba da lazimi. Da malam ya tambaya ko akwai sauran wani abu mai daraja da ba a rubuta ba, ta ce babu. Kuma a lissafinmu gaskiya ta faɗa, don wasiƙa ba dukiya ba ce. Da a ce Baffa tauraro ne a Holiwud, wannan ƙulli shi ne zai fi komai tsada a cikin akwatin.

Dokar Turawa ta daɗe da raba wannan magana gida biyu. Tun 1741, a shari'ar da mawaƙi Alexander Pope ya kai wani mai buga littattafai a Ingila, alƙali ya ce takardar ta wanda aka aika wa ce, amma kalmomin na wanda ya rubuta ne. Saboda haka wanda ke riƙe da wasiƙa zai iya sayar da ita ko ya ƙona ta, sai dai ba zai buga ta a littafi ba sai da izinin marubuci ko magadansa. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, mai gwanjo zai ɗauki hoton wasiƙar ya sa a intanet don masu saye su gani, ya tsakuro layin da ya fi sosa rai ya ba 'yan jarida, kafin ranar ciniki kowa ya karanta. Ƙarar shiga sirri ko ta ɓata suna kuma a dokar Amurka galibi tana mutuwa ne tare da mai ita. Mamaci ba ya kai ƙara.

Ko wasiyya ba ta cika tsare mutum ba. Monroe ta bar kayan jikinta da kashi 75 cikin 100 na ragowar dukiyarta ga Lee Strasberg, malamin da ya koya mata wasan kwaikwayo, ta kuma rubuta cewa burinta ya raba kayan ga ƙawayenta da abokan aikinta da waɗanda take ƙauna. Galibin kayan ba a raba ba. Strasberg ya rasu a 1982, komai ya koma hannun matarsa ta ƙarshe, wadda ya aura bayan mutuwar Monroe. A watan Oktoba na 1999 kamfanin Christie's ya yi gwanjon kayan a Niyok, aka tashi da sama da dala miliyan 13. Daga cikin takardun da suka rage aka fitar da littafi a 2010. Yau duk mai waya zai iya karanta abin da ta rubuta a farkon 1961, lokacin da aka kulle ta a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Niyok, tana roƙon a zo a fitar da ita, da doguwar wasiƙar da ta aika wa likitanta bayan ta fito. Na karanta su, ba zan yi ƙarya ba. Laifi tudu ne. Amma ba zan maimaita abin da ke ciki a nan ba, don mara lafiya ce take magana da likitanta, ni kuma na laɓe a bayan labule.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tauraruwar fim Elizabeth Taylor ta rasu a watan Maris na 2011. Ƙasar kabarinta ba ta gama bushewa ba aka sa wasiƙu sama da 60 a kasuwa, waɗanda ta rubuta wa saurayin da aka yi musu baiko a 1949, tana 'yar shekara 17. Wace ce a cikin iyayenmu mata za ta so a karanta wa jikokinta abin da ta rubuta tana shekara 17?

Masu tara waɗannan takardu suna da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Kamfanonin fim na wancan zamani ba su ɗauki abin da suke yi a matsayin tarihi ba. Binciken da babban laburaren majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka na zamanin da ba a sa murya sun ɓace gaba ɗaya. Wasu gobara ta cinye a rumbunan kamfani, wasu an zubar don a sami wurin ajiya. Idan fim ɗin kansa bai tsira ba, ina ga takarda? A Indiya ma, wadda mu Hausawa muka fi sanin taurarinta fiye da na Holiwud, gobarar da ta tashi a sutudiyon R.K. na Raj Kapoor a Bambai a watan Satumba na 2017 ta lashe kayan tarihi na shekaru da dama. Sau da yawa abin da ya kai ga zamaninmu ya kai ne saboda wani mutum guda mai son abin har kamar hauka, wanda ya saya da kuɗin aljihunsa ya adana nesa da laima da gara. Mu da takardunmu ke ƙarewa a hannun mai ƙosai da mai tsire, bai kamata mu raina irin wannan mutum ba.

Akwai kuma hujja ta biyu da ta fi wannan ƙarfi. Taurarin wancan lokaci kusan ƙera su aka yi. Monroe sunanta na yanka Norma Jeane. Joan Crawford sunanta Lucille LeSueur, gasa aka sa a mujalla a 1925 masu karatu suka zaɓa mata sabon suna. Dilip Kumar, Muhammad Yusuf Khan ne. Meena Kumari, Mahjabeen ce. Sashen talla na kamfani shi ke tsara abin da za a faɗa wa jarida, har da wanda za a ce jaruma tana so. Mai neman gaskiyar yadda aka yi aiki, wa ya nemi wa, wa ya ƙi wane matsayi, wa aka danne wa albashi, dole ya koma ga wasiƙa. A 1948 Ingrid Bergman, tana kan ganiyarta a Holiwud, ta rubuta wa daraktan Italiya Roberto Rossellini 'yar gajeriyar wasiƙa cewa ta ga finafinansa, in yana buƙatar 'yar wasa 'yar Suwidin mai jin Ingilishi, wadda ba ta san komai a Italiyanci ba sai kalmar "ina son ka", to a shirye take ta zo. Daga wannan takarda aka sami fim, aka sami ɗa, aurenta na farko ya mutu, har wani sanata ya tashi a zauren majalisar dattawan Amurka a 1950 yana tsine mata. Ba za a rubuta tarihin fim na waɗannan shekaru a tsallake wannan wasiƙa ba. Amma a lura, ita da kanta ta ba da labarin wasiƙar tun tana raye.

To a nan ne nake rabuwa da 'yan kasuwa. Abin da ya sa wasiƙa ta zama shaida ga mai tarihi, wato cewa a nan ne kaɗai mutum ya yi magana ba kamfani a bayansa, shi ne kuma ya sa ta zama amana. Kasuwa kuwa ba ruwanta da wasiƙar da ke bayanin aiki. Joan Crawford ta shahara da amsa wasiƙun masoyanta, ta bar dubbai da aka buga da tafireta ta sa hannu, shi ya sa ba su da wata tsada. Greta Garbo, wadda ta bar fim a 1941 tana shekara 36, ba ta amsa wasiƙar masoya, ba ta yarda ta sa wa baƙo hannu a takarda, ita ce kowane ɗan guntun rubutunta ke tashi da tsada. Wanda ya fi ɓoye kansa shi aka fi farauta. Idan kuma aka ɗora wasiƙu biyu na mutum ɗaya a sikeli, wadda ya rubuta yana kuka ita ke rinjaye.

Masu yin jabu sun fi kowa gane haka, don su ne suka yi wa kasuwar karatun ta natsu. Lee Israel marubuciya ce a Niyok wadda sana'a ta juya wa baya. A farkon shekarun 1990 ta sayi tsofaffin tafireta, ta riƙa yago fararen shafuka daga tsofaffin mujallu a laburare don ta sami takardar da ta tsufa, ta ƙirƙiro wasiƙu sama da 400 da sunan fitattun mutane irin su Louise Brooks da Noël Coward da Dorothy Parker. Ta lura dillalai sun fi buɗe jaka idan wasiƙa da yaji, sai ta riƙa barbaɗa habaici da gulma. Da aka fara zarginta sai ta koma satar na ainihi daga laburare tana ajiye kwafi a gurbinsu. A 1993 ta amsa laifinta, aka yanke mata zaman wata shida ba fita daga gida da ɗaurin talala na shekara biyar. Duk da haka biyu daga cikin jabunta sai da suka shiga wani tarin wasiƙun Coward da aka buga a 2007.

Na Lawrence Cusack ya fi muni. Ya ce a cikin takardun mahaifinsa, wanda lauya ne, ya tsinci shaidar cewa Shugaban Amurka Kennedy ya biya Monroe kuɗin toshiyar baki. Mutane suka zuba wajen dala miliyan 7. Abin da ya tona shi ƙanana ne: wata takarda tana ɗauke da lambar yanki ta gidan waya alhali kwanan watan da ke jikinta ya riga 1963, shekarar da aka fara amfani da lambar, wata kuma an buga ta da irin tafiretar da ba a ƙera ba sai bayan mutuwar su biyun. A 1999 aka ɗaure shi kusan shekara 10. Masu kuɗin nan ba wawaye ba ne. Labarin ne suke so ya zama gaskiya, shi ya rufe musu ido. Kuma ko ba a kai ga zamba ba, tun asali ba kowane sa hannu ne na mai sunan ba. Kamfanoni na da ma'aikatan amsa wasiƙu, kuma yawancin hotunan Jean Harlow da ke yawo da sa hannunta mahaifiyarta ce ta sa.

A wurinmu akwai wani aiki da ake zaɓar mutum saboda riƙon amanarsa, wato wankan gawa. Mai wanka yana ganin abin da ko maƙwabci bai taɓa gani ba, kuma abin da ake so gare shi ya rufe bakinsa. Wanda wasiƙar mamaci ta faɗo hannunsa, ɗa ne ko jika ko tsohuwar ƙawa, a ganina matsayinsa ke nan. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane, ba ta kuma ce sai masu rai ba. Shahara ba ta cire mutum daga wannan. Monroe ta sayar mana da fuskarta da muryarta da tafiyarta, mun biya kuɗin tikiti, ciniki ya ƙare a ƙofar silima.

Ba ina cewa a ƙona ba. Gwaggo ma ban ga ta ƙona ba. Akwai hanya tsakanin wuta da gwanjo, kuma an sha bin ta. A 1963 wani mutum mai suna Howard Gotlieb ya fara tara takardu wa Jami'ar Boston, dabararsa kuma ita ce ya roƙi mutane tun suna raye. Bette Davis da hannunta ta ba shi nata, ta san abin da ta bayar. Da Marlene Dietrich ta rasu a 1992, birnin Berlin ya sayi kayanta a shekara mai zuwa kan dala miliyan 5, aka ajiye su wuri guda maimakon su watse gidajen attajirai. 'Yarta ta ba laburaren Kennedy da ke Boston wasiƙu 30 da marubuci Ernest Hemingway ya rubuta wa uwar, da sharaɗin kada a buɗe sai 2007. A 2013 gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya karɓi takardun Vivien Leigh daga hannun jikokinta, wasiƙu sama da 7,500, shekara 46 bayan rasuwarta. Meena Kumari kuwa, da ta rasu a 1972, littattafan da take rubuta sirrinta a ciki mawaƙi Gulzar ta bar wa. Ya fitar da waƙoƙin da ta rubuta, ya riƙe sauran.

Wani zai ce ai a laburare ma baƙo ne ke karantawa, mene ne bambancin? Bambancin shi ne lokaci, da wanda ya gindaya sharaɗi, da inda takardar za ta kwana. A laburare ana iya cewa wannan a buɗe yau, wancan sai bayan waɗanda aka ambata a ciki sun mutu. Wasiƙa tana zaune kusa da amsarta da 'yan uwanta, ba a zare layi ɗaya a yi tallar sa. Mai bincike daga ko'ina zai iya zuwa ya duba ya ƙaryata wanda ya yi ƙari. A gwanjo kuwa ana yayata ta mako biyu don farashi ya hau, sannan ta shige akwatin wani da ba a ma faɗin sunansa, ba mai sake ganin ta sai ranar da shi ma magadansa suka fito da ita. Sirri ya tonu, tarihi kuma bai samu ba. Da ni ake tambaya, wasiƙar aiki da ta kwantiragi da katin godiya a yi ta ciniki, ba wanda aka cuta. Wadda aka rubuta daga gadon asibiti, ko zuwa ga likita, ko tsakanin miji da mata, kamfanin gwanjo mai mutunci ya kamata ya ce wa mai ita ya fara kai ta laburare, ya kuma ƙi karɓa muddin 'ya'yan marubucin na raye ba su yarda ba. Na san ba za su yi ba. Kamasho suke ci daga mai saye da mai sayarwa.

Garbo ta ga wannan rana tun daga nesa. Da yawa daga wasiƙunta da fensir take rubutawa, sau da yawa ba ta sa sunanta na gaskiya a ƙasa. Bai hana ba. A 2017 kamfanin Sotheby's ya sa wasiƙu 36 da ta rubuta wa wata aminiyarta a Suwidin a kasuwa, inda take kukan kaɗaici da ƙin zaman Holiwud. Amma akwai wani ƙulli nata da ya bi ɗaya hanyar. Marubuciya Mercedes de Acosta, wadda suka yi kusan shekara 30 tare da ita, talauci da ciwo sun kama ta a ƙarshen rayuwa, sai ta miƙa takardunta ga gidan tarihi na Rosenbach da ke Philadelphia, da sharaɗin wasiƙun Garbo su zauna a rufe sai shekara 10 bayan mutuwar wadda ta yi saura a cikinsu. De Acosta ta rasu a 1968. Garbo ta daɗe, sai 15 ga Afrilu 1990. Gidan tarihin ya jira, shekara 40 akwatin na rufe. Ranar 15 ga Afrilu 2000 aka buɗe, dangin Garbo na wurin, 'yan jarida sun yi dafifi suna jiran abin da zai tabbatar da tsegumin da aka daɗe ana yi kan alaƙar matan biyu. Ba su sami furucin da suka zo nema ba. Sun tarar da mace mai yawan zancen lafiyarta da tafiye-tafiyenta, wani lokaci da fara'a, wani lokaci tana neman a ƙyale ta. Magada suka ce mai son karantawa ya zo ya karanta a wurin, amma ba su ba da izinin kwafar kalmominta a jarida ba, dokar 1741 kuma tana bayansu.